An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Alhakin Rayukan Majinyata a Asibitocin Gwamnati

A watan Janairun 2026 labarin wata mata ya girgiza Kano. An yi mata tiyata a wani asibitin gwamnatin jiha, aka ɗinke ta da almakashi a ciki. Ta shafe watanni tana fama da ciwo kafin a ɗauki hoton da ya nuna abin da ke damunta, kuma ba ta tashi ba. Hukumar Kula da Asibitocin Jihar Kano ta amsa cewa an yi sakaci, ta dakatar da ma'aikata uku. A wurinmu amsa laifin ma abin a yaba ne, domin abin da aka saba gani shi ne musu, ko shiru, ko a turo dattawa su ba dangin mamaci haƙuri.

To amma dakatar da mutum uku bai rufe maganar ba. A ƙa'idar ɗakin tiyata akwai nas da aikinta shi ne ƙirga kowane almakashi, kowace allura da kowane ƙyallen tsane jini kafin a yanka, ta sake ƙirgawa kafin a ɗinke. Idan lissafi bai cika ba, ba a rufe ciki. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tambayoyi 19 da ake karantawa da baki a gaban kowa kafin tiyata da bayanta, kuma ƙirgar kayan aiki tana ciki. Takardar ba ta cin ko sisi. Abin da take buƙata shi ne isassun ma'aikata, da shugaban da zai tsaya a kan sai an bi ta. Saboda haka mai binciken gaskiya ba zai tsaya kan wanda ya riƙe almakashin ba. Zai tambayi nas nawa ne a ɗakin a ranar, tiyata nawa aka yi kafin tata, yaushe rabon da wani daga hukuma ya leƙa ya ga ko ana ƙirgar, kuma wa ya ga takardar neman ƙarin ma'aikata ya ajiye ta a aljihun tebur. Waɗannan tambayoyi suna bi ta ofishin shugaban asibiti su wuce hukuma, su wuce kwamishina, su tsaya a teburin da ake raba kuɗi. A Najeriya laifi ba ya hawa bene. Yana tsayawa a kan nas ko ƙaramin likita, wani lokacin ma a kan mai gadi.

Ba na cewa ma'aikatan lafiya waliyyai ne. Duk wanda ya taɓa kwana a barandar asibiti yana jinya ya san akwai nas mai tsawa ga mace mai naƙuda, akwai likitan da sunansa ke jadawalin dare alhali yana asibitinsa na kuɗi, akwai mai karkatar da maganin gwamnati zuwa kemis ɗin da ke bakin ƙofa. Irin waɗannan a hukunta su. Amma wa ya ɗauke su aiki, wa ke biyansu, wa ya kamata ya san ba sa zuwa? Mai asibitin. Mai asibitin kuwa gwamnati ce.

Mu fara da kuɗi, tunda nan gizo ke saƙar. A watan Afrilun 2001 shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. A gidanmu aka yi alkawarin, sunan babban birninmu yake ɗauke da shi, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Shekara da shekaru kason lafiya yana yawo tsakanin kashi 4 da kashi 6. Wasu jihohin Arewa, Kano da Kaduna a cikinsu, sun sha rubuta kashi 15 ko fiye a kasafinsu, kuma a kan buga musu ganga a ranar gabatarwa. Sai dai rubutawa daban, sakin kuɗi daban. Kasafi izini ne kawai na a kashe. Kuɗin ba sa motsi sai gwamna ya sa hannu, Babban Akanta ya saki. Albashi yakan fita, tunda in bai fita ba za a tafi yajin aiki. Abin da ake dannewa shi ne kuɗin gudanarwa da na manyan ayyuka, wato kuɗin man janareto, gyaran injin hoto, iskar oksijin, firjin ajiye jini da ruwan famfo. Waɗannan ba su da ƙungiyar ƙwadago. A farkon 2026 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya shaida wa kwamitin Majalisar Wakilai cewa cikin naira biliyan 218 da aka ware wa ma'aikatarsa domin manyan ayyuka a 2025, miliyan 36 kacal suka shiga hannu. Miliyan, ba biliyan ba. Kuɗin da bai kai na motar ɗan majalisa ɗaya ba.

Gurbin da gwamnati ta bari, aljihun majinyaci ne ke cike shi. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na duk abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga hannun mara lafiya da danginsa yake fitowa, a bakin taga, a lokacin da ciwon ya riga ya kama. Daga nan aka samu kalmomin da kowane mai jinya ya haddace: "Babu gado." "A je a sayo." Safar hannu a je a sayo, ledar ƙarin ruwa a je a sayo, zaren ɗinki a je a sayo, jini kuma a kawo mutum biyu su bayar sannan a biya kuɗin gwaji. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin matsalar talauci kurum, alhali matsalar rai ce kai tsaye. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu. Idan mijinta ya kwashe awa ɗaya da rabi yana zagaye unguwa neman rance, yana buga ƙofar kemis da ƙarfe biyun dare, jinkirin nan ne ya kashe ta, kuma an ƙulla shi ne tun ranar da aka ƙi sakin kuɗin magungunan gaggawa. A takarda za a rubuta zubar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 75,000 suka rasu a Najeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya, kuma kowa ya san Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne suka fi ɗaukar kason.

Wutar lantarki ta ƙara fito da abin fili. A watan Afrilun 2024 aka ninka farashin wuta fiye da sau uku ga masu amfani da wuta na rukunin farko, manyan asibitocin koyarwa kuwa a nan aka sa su. Kuɗin gudanarwar da ake ba su bai ninku ba. Daga ƙarshen Oktoban shekarar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda ya fi kowanne daɗewa a ƙasar, ya yi fiye da kwana 100 a yanke saboda bashi, har majinyata suna zuwa da fitilunsu da fankokin caji. A Satumban 2025 irin wannan taƙaddama ta ɓarke tsakanin Asibitin Malam Aminu Kano da kamfanin rarraba wuta na KEDCO, asibitin yana cewa ya yi asarar rayuka, kamfanin yana musantawa. Aka yi ta cacar baki tsakanin su biyun kamar rigimar mai haya da mai gida. Gwamnatin da ta amince da sabon farashin, ta kuma ƙayyade abin da asibitin ke samu, tana gefe kamar 'yar kallo. Jaririn da ke cikin kwalba bai san wa ke bin wani bashi ba.

Batun ma'aikata ma haka. Minista Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 55,000 suka rage a ƙasar, kuma 15,000 zuwa 16,000 sun fice cikin shekara biyar. Ragowar sun taru a Legas da Abuja da manyan birane. Likitan da ya kwana biyu bai runtsa ba zai yi kuskuren da ba zai taɓa yi ba da ya huta, haka nas ɗaya mai kula da ɗaki cike da gadaje ba za ta lura numfashin na gadon ƙarshe ya canza ba. Su kansu ma'aikatan ba su tsira ba: a Agustan 2023 wata matashiyar likita ta rasu a babban asibitin gwamnatin Legas da ke Odan, lokacin da na'urar hawa bene ta gidan likitoci ta rufto da ita, na'urar da abokan aikinta suka ce sun daɗe suna kuka da ita.

Abin takaicin shi ne dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu na musamman da zai riƙa samun aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, har ta yanka yadda za a raba: rabi ga inshora, kashi 20 ga magunguna da rigakafi, 15 ga gine-gine da kayan aiki, 10 ga ma'aikata, 5 ga taimakon gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Sashe na 20 na dokar ya haramta wa kowane asibiti korar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Dokar ta kuma ce kowane asibiti sai ya mallaki takardar shaidar cika ƙa'ida kafin ya yi aiki. A 2017 aka yi dokar tilasta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata, a 2022 kuma aka mayar da inshorar lafiya wajibi. Mai karatu ya tambayi kansa ko ya taɓa ganin takardar shaidar nan a bangon babban asibitin garinsu, ko ya taɓa jin an rufe wani ɗakin haihuwa na gwamnati saboda ya gaza cika sharuɗɗa.

Dalilin a fili yake. Gwamnati ce mai asibitin, ita ke ba shi kuɗi, ita ke duba shi, ita ke kafa kwamitin bincike in an yi ɓarna, kuma a teburinta rahoton ke kwana. A Kano akwai hukuma sukutum mai sa ido kan asibitocin kuɗi, tana kai samame tana garƙame waɗanda ba su da rajista, kuma aiki ne mai kyau. Amma babu irinta mai cin gashin kanta da za ta shiga Asibitin Murtala ko na Hasiya Bayero ba sanarwa, ta rubuta abin da ta gani, ta buga wa jama'a ba tare da neman izinin kwamishina ba. Majalisar Likitoci ta Ƙasa tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, tana iya dakatar da likita ko ta soke sunansa daga rajista. Ikonta ya tsaya a kan likita. Ba ta iya kiran babban sakatare ta tambaye shi ina kuɗin oksijin.

Wanda ya ce zai tafi kotu kuwa, shinge uku ke gabansa. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ambaci samar da isassun asibitoci a sashe na 17, amma a babi na biyu yake, babin da sashe na 6 ya ce kotu ba ta tilasta shi. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba mai ƙara wata uku kacal ya shigar, lokacin da matar mamaci ko takaba ba ta gama ba. In ma an yi nasara, wata tsohuwar doka ta ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati domin biyan hukunci sai Antoni Janar ya yarda, wato lauyan wanda aka kayar. Ƙara da cewa fayil ɗin majinyaci, wanda shi ne babbar hujja, yana hannun asibitin da ake ƙara. Ga kuma rabon asibitocin tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, wanda ya ba kowa damar nuna ɗan'uwansa da yatsa: asibitin sha-ka-tafi ba shi da ungozoma, sai mata su cika babban asibitin jiha, shi kuma ya tura na koyarwa, a can a ce babu gado. In ta rasu a mota tsakanin asibiti na biyu da na uku, ba ta cikin lissafin kowa.

Akwai shinge na huɗu, kuma namu ne. "Kwana ya ƙare." "Mun bar wa Allah." Gaskiya ne babu mai wuce ranarsa, kuma ba na raina haƙurin da ke sa uba ya ɗauki gawar ɗansa ya fita ba tare da ya ɗaga murya ba. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya wajabta diyya a kisan kuskure. Malaman fiƙihu sun yi bayani kan lamunin likita tun ƙarnoni da suka wuce, Ibn Rushd ma ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa likitan da ya yi kuskure har aka yi asara akwai diyya. Ba su ga karo tsakanin wannan da imani ba. Yafiya haƙƙin dangi ce, suna iya yafe nasu. Abin da ba su da ikon yafewa shi ne ran matar da za ta kwanta a gadon nan gobe, a ƙarƙashin fitilar da har yanzu ba a gyara ba. Na lura kuma jami'ai sun fi kowa saurin tuna ƙaddara in gawar ta talaka ce.

Su in ciwo ya zo, jirgi suke nema. A jawabin juyin mulkin 31 ga Disamban 1983 Birgediya Sani Abacha ya kafa hujja da cewa asibitocinmu sun koma wuraren ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. Wanda juyin ya ɗora a mulki, Muhammadu Buhari, ya dawo a matsayin zaɓaɓɓe, ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan a 2017, kuma a can Allah ya karɓi ransa a Yulin 2025. Umaru Musa 'Yar'aduwa a Jidda ya yi watanni. A Oktoban 2017 Hajiya Aisha Buhari da bakinta ta faɗa a bainar jama'a cewa injin hoton asibitin fadar shugaban ƙasa ba ya aiki. Dokar 2014 ta hana tura jami'i jinya waje da kuɗin gwamnati sai da shawarar kwamitin likitoci da amincewar minista. Ba gori nake yi wa mara lafiya ba, kowa yana son ransa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, masu yanka kasafin kuwa ba sa kwana a ɗakin.

Za a ce mana ai ƙasar ba ta da kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, ko an ba lafiya kashi 15 cif abin da zai zo kan kowane ɗan ƙasa ba shi da yawa. Sai dai ɗaukar alhaki bai jira arziki ba. A Senegal, da gobara ta kashe jarirai 11 a asibitin gwamnati na Tivaouane a Mayun 2022, Shugaba Macky Sall ya sauke ministan lafiya cikin kwana ɗaya. Misalin Afirka ta Kudu ya fi kusa da maganarmu. Gwamnatin lardin Gauteng, don rage kashe kuɗi, ta soke kwangilar cibiyar Life Esidimeni, ta kwashe masu taɓin hankali sama da 1,000 a 2016 ta rarraba su a gidajen ƙungiyoyi marasa ingantaccen lasisi. Mutum 144 suka mutu, da yawansu saboda yunwa, ƙishi da rashin kulawa. Ƙasar tana da jami'i mai zaman kansa da ke binciken koke-koken lafiya, Farfesa Malegapuru Makgoba a lokacin, kuma rahotonsa na Fabrairun 2017 ya kama sunayen manya. Kwamishiniyar lafiya Qedani Mahlangu ta ajiye aiki. Aka yi zaman sauraro a idon duniya ƙarƙashin tsohon mai shari'a Dikgang Moseneke, wanda a 2018 ya umarci gwamnati ta biya kowane iyali rand miliyan 1.2. A 2024 kotu ta ce sakacin kwamishiniyar da na daraktar sashen masu taɓin hankali ne ya jawo wasu daga cikin mace-macen. Babu ɗayansu da ke jinyar waɗannan majinyatan da hannunta. Takarda suka sa wa hannu, kuma a kan takardar aka kama su. A Ingila ma binciken asibitin Stafford ya gano cewa an rage ma'aikata ne domin lissafin kuɗi ya yi kyau, kuma Firaminista David Cameron ya tsaya a majalisa a 2013 ya nemi gafarar iyalai.

Ba sai an jira gyaran tsarin mulki ba kafin mu kama wannan hanyar. Majalisar dokokin kowace jiha tana iya kafa ofishin mai binciken lafiya wanda gwamna ba zai iya kora ba, mai ikon shiga asibitin gwamnati da na kuɗi, ya karɓi fayil, ya buga rahoto. Ana iya tilasta wa kowane asibiti ya manna a bakin ƙofa abin da aka ware masa da abin da ya shiga asusunsa duk wata uku, domin a daina yi mana rawa da alƙaluman kasafi. Tsarin bin diddigin mutuwar masu haihuwa da jarirai yana nan a takarda, abin da ya rage shi ne a riƙa kai sakamakonsa gaban majalisa kwamishina ya amsa tambayoyi. Diyya kuma ta fito daga asusun ma'aikatar lafiya, domin ranar da sakaci ya fara cin kuɗin gwamnati fiye da gyara, ranar za a gyara. Ni a ganina wajibi ne kuma a ba nas da likita kariya in suka rubuta cewa kayan aiki sun ƙare ko an yi kuskure, tunda a yanzu wanda ya buɗe baki shi ake yi wa canjin wurin aiki zuwa ƙauye.

Ga wanda abin ya faɗa wa kuwa, Allah ya ba da haƙuri, amma kada a tsaya a nan. A rubuta ranar, da lokacin, da sunan ɗakin, da abin da aka ce babu. A adana rasit da takardun gwaji, a nemi bayanin jinyar a rubuce, a kai takardar koke ga shugaban asibiti da hukumar asibitoci da Majalisar Likitoci, a riƙe kwafi mai hatimi. In za a ga lauya, a gan shi da wuri, domin wata uku doka ta bayar.